FILIN MANOMA: Yasar Kwalbati Kafin Saukar Damina

In bazara ta kama, zafi ya tsananta, hankalin manomi duk ya kan koma ga sharar gona da kai taki da gyaran iri. Wannan daidai ne. Amma akwai wani aiki guda wanda ba ya cikin gonar kowa, saboda haka kowa ke mantawa da shi, alhali kuwa in an bar shi ya kan ci gonar mutum, ya kuma yanke wa gari duka hanyar kasuwa. Aikin nan shi ne yasar kwalbati.

Kwalbati shi ne bututun siminti ko na ƙarfe da a ke binnewa ƙarƙashin hanya a wurin da rafi ko kwari ya gitta ta, don ruwa ya wuce ta ƙasa, mutane da dabbobi da motoci su wuce ta bisa. Wani mai bututu ɗaya ne, wani biyu ko uku a jere, wani kuwa an zuba shi da kankare mai kusurwa huɗu kamar akwati. Yana da baki biyu, watau bakin shiga, wajen da ruwa ke fitowa, da bakin fita, wajen gangare. A riƙe sunayen nan biyu, gama darasin duk a kansu zai tafi.

ƘASAR LAMBARA DA RUWANTA

Lambara tana cikin ƙaramar hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato, a ƙasar da ke tsakanin Boɗinga da Shagari. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga birnin Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal zuwa Jega ita ce uwar hanyoyin wannan yanki. Amma kafin buhun gero ko na wake ko na albasa ya hau wannan kwalta, sai ya bi ƙananan hanyoyin ƙasa na ƙauyuka, a bisa jaki ko amalanke ko babur ko a-kori-kura. Ƙananan hanyoyin nan su ne ke da ƙananan kwalbatoci, su ne kuwa ba su da mai dubawa.

Ruwan da ƙasar Sakkwato ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma kusan dukansa tsakanin watan Yuni da Satumba ya ke sauka, ya fi ƙarfi cikin Agusta, lokacin marka. Watau rafin da ya yi wata bakwai ko takwas a bushe, yara na wasa cikinsa, shi ne zai cika ya batse cikin sa'a guda. Ƙasar tudu kuwa jigawa ce, rairayi ya yi mata yawa, ba ta da wuyar kwasa ga ruwa ko ga iska.

LISSAFIN RUWA

Mutane da yawa su kan raina ruwan da ke bi ta kwalbati don ba su taɓa lissafa shi ba. To, ga lissafin. In an yi ruwa na milimita 1 bisa fili mai hekta 1, ruwan da ya sauka lita 10,000 ne, watau duro 50 irin mai cin lita 200. A ɗauka gonakin da ke zuba ruwansu cikin wani rafi sun kai hekta 100, watau fili mai kilomita 1 tsawo da kilomita 1 faɗi. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare guda, lita miliyan 50 ke nan ta sauka. A ce ƙasa ta sha kashi uku cikin huɗu, kashi ɗaya kaɗai ya gangara. Wannan kashi ɗaya duro 62,500 ne. In zai wuce cikin sa'a 3, lalle ne kusan duro 6 su riƙa ratsa kwalbatin a kowace daƙiƙa. Wannan kuwa kusan iyakar ƙarfin bututu mai faɗin ƙafa 3 ke nan, in yana wanke tas. To, ina ga wanda rairayi ya cika rabinsa?

Akwai wani lissafi kuma da ya kamata a sani. Bututu mai faɗin ƙafa 4 ba ninki biyu na mai ƙafa 2 ba ne, ninki huɗu ne wajen girman kafa. Har wa yau bututu ɗaya mai ƙafa 3 ya fi biyu masu ƙafa bibbiyu sarari, ga shi kuma ya fi su wuyar toshewa, domin karan da zai gitta bakin ƙarami zai wuce ta babba salin-alin.

YADDA TOSHEWA KE FARAWA

Kwalbati ba ya toshewa rana ɗaya. Da rani iska ta kan turo rairayi da ganye da ledoji cikinsa. Dabbobi su kan tattake gaɓar rafi ƙasa ta zubo. Wani ya share gona ya tara karan dawa a bakin kwari, ya ce sai ya dawo. Wata ta mai da wurin juji. Da ruwan farko ya sauka bisa ƙasa tsirara, wadda ba ta da ko ciyawa, sai ya kwaso duk waɗannan ya nufo bakin shiga da su.

Kara ɗaya ke fara gittawa. Shi ya tare na biyu, na biyu ya tare na uku, har su yi kamar asabari. Sa'an nan leda ta zo ta manne bisa asabarin nan ta toshe kafofinsa. Da ruwa ya rage gudu a wurin, sai ya sauke rairayin da ya ɗauko, gama ruwa mai gudu ne ke ɗaukar ƙasa, mai tsayawa ajiyewa ya ke yi. Haka kuma in bakin fita ya cushe da ciyawa, ko wani ya yi kunya a gabansa, ruwa ba ya samun mafita da sauri, sai rairayi ya kwanta cikin bututun kansa. In ya sha rana ya bushe, ya haɗu da laka, sai ya taurare kamar daɓe.

ƁARNAR DA KE BIYO BAYA

Ta farko, ruwa ya taru ta bakin shiga ya zama tafki, ya kwanta cikin gonakin da ke kusa. Saiwar shuka tana bukatar iska kamar yadda ta ke bukatar ruwa. Gero da wake da gyaɗa in suka yi 'yan kwanaki tsaye cikin ruwa sai su yi rawaya su lalace, takin da aka sa kuwa ya tafi a banza.

Ta biyu, in ruwan ya cika ya hau bisa hanya, sai ya zubo ta ɗaya gefen kamar daga indararo, ya fara cin hanyar daga gefen gangare yana komawa baya, har ya yanke ta. Wani lokaci ma ba ya hawa. Sai ya riƙa tsatsa ta jikin bututun daga waje, yana jan ƙasa kaɗan kaɗan, hanya tana nan lafiya a ido, cikinta kuwa rami. Ran da mota mai kaya ta hau sai ta rufta.

Ta uku, ciniki ya tsaya. Mai mota ya ƙi shiga ƙauye, ko ya ninka kuɗin ɗauko. Taki ya yi tsada a wurin da amfanin gona ya yi arha. Mai haƙuri da mace mai naƙuda su rasa hanyar asibiti, yara su rasa ta makaranta.

Ta huɗu, cuta. Ƙwan sauro cikin zafin damina ba ya wuce kwana 7 zuwa 10 ya zama sauro mai cizo, zazzaɓi ya biyo baya. Ruwa mai kwanciya kuma shi ne gidan ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da tsargiya, ciwon nan mai sa yara fitsarin jini.

Wanda ya ke ganin abin ƙarami ne, ya tuna da Mokwa ta Jihar Neja. A ƙarshen watan Mayu na 2025, bayan ruwa mai yawa, ambaliya ta afka wa unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa da asuba, mutum fiye da 150 suka rasu, wasu da dama ba a gan su ba. Mazauna garin sun shaida wa manema labarai cewa ruwan ya taru ne a bayan tudun wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa, domin tarkace ya toshe kwalbatocin da ya saba bi, har tudun ya kasa riƙe shi ya fashe. Kwalbatin ƙauye bai kai wancan girma ba, amma halin ruwa ɗaya ne ko'ina. In an hana shi ƙofa, shi zai yi wa kansa.

DUBAWA

Lokacin dubawa shi ne watan Maris ko Afrilu, ƙasa a bushe, aikin gona bai taso ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum biyu ko uku su je da tocila da sanda doguwa, su duba abubuwa biyar.

Na ɗaya, a durƙusa a bakin fita a leƙa. In ana ganin haske daga ɗaya bakin, da sauƙi. In babu tocila, madubi ya isa, a tara shi ga rana a haska ciki.

Na biyu, a soka sanda cikin rairayi a baki biyun a auna zurfinsa. In ya ci kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin bututun, lokacin yasa ya yi, kada a jira ya kai rabi.

Na uku, a duba mahaɗin bututai. In sun rabu, ko ƙasa na zubowa ta tsakaninsu, ko akwai tsaga, a lura da wurin.

Na huɗu, a hau bisa hanya a duba ko akwai ɗan rami ko lotsawa daidai kan bututun. Wannan alama ce ƙasa na zurarewa ta ciki.

Na biyar, a duba bangon baki biyun, da ƙasan bakin fita, ko ruwa ya ƙwaƙule gindinsa ya bar bututu a rataye.

GAYYA DA KAYAN AIKI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin nan na gayya ne, kuma mai gari ko mai unguwa shi ya fi cancanta ya kira ta, tare da sarkin noma da shugabannin samari. Ya kyautu a gayyaci mutanen gefe biyu na rafin, da masu motoci da babura da amalanke da ke bin hanyar, da fataken da ke sayen kaya a ƙauyen. Wanda ba shi da ƙarfin riƙe shebur ya kawo fura ko goro ko man inji.

Kayan aikin duk akwai su a gari: shebur, diga, galma, kalme, adda, manjagara, kwanon sarki, baro, igiya mai ƙarfi wadda ta ninka tsawon bututun sau biyu da ɗori, gora ko dogayen sanduna da za a ɗaura su baki da baki, sarƙa, tsohuwar tayar babur ko ta ƙaramar mota, da injin ban ruwa da tiyonsa in akwai ruwa kusa. Maƙeri ya ƙera ƙugiya mai ƙarfi a ɗaura ta ga gora, ya kuma sa wa kalme ɗaya ƙota mai tsawon ƙafa 10 ko fiye, don jawo rairayi daga ciki. Masu aiki su sa takalma masu rufi, don kwalba da gwangwani da ƙaya ba su rasa wurin.

Aikin ba shi da yawan da a ke tsammani. Bututu mai faɗin ƙafa 3 da tsawon ƙafa 20, in rairayi ya cika rabinsa, abin da ke ciki kamar tan 3 ne, watau wajen kwanon sarki 100. Mutum goma masu himma za su gama da shi kafin azahar.

YADDA A KE YASA DA RANI

Da farko a bubbuga bakin da sanda, a zunguri tarkacen daga nesa, a ɗan dakata. Kwalbati wuri ne mai sanyi da duhu, kububuwa da kasa da gamsheƙa da kunama suna son irinsa. Kada kowa ya sa hannu inda idonsa bai gani ba. Kada kuma a cinna wuta ciki don korar maciji ko ƙone tarkace, gama zafi ya kan fasa siminti, hayaƙi kuwa ya kan daɗe ciki ya shaƙe mai shiga.

Sa'an nan a fara daga bakin fita. A haƙe hanyar ruwa daga bakin zuwa gangare, taku 15 ko 20, ko har inda ƙasa ta sauka da kanta, a tabbata ƙasan lambatun bai fi ƙasan bututun tudu ba. Dalili kuwa shi ne, in an yashe bututu aka bar gabansa a cushe, ruwan farko zai sake cika shi da rairayi, wahala ta zama ta banza.

Bayan haka a koma bakin shiga a kwashe kara da itace da leda, a haƙe rairayin da ya taru har a ga ƙasan bututu, a share rafin taku 10 zuwa sama.

Saura cikin bututun. In ƙarami ne, wanda bai kai ƙafa 3 ba, ba mai shiga. A jawo abin da kalme mai doguwar ƙota ya iya kaiwa ta baki biyun. Sa'an nan a ɗaura igiya ga kan gora a tura ta bisa rairayin, ana ƙara wata gorar, har ta ɓullo ta ɗaya bakin. Da igiya ta ratsa, rabin aiki ya ƙare. A ɗaura sarƙa a tsakiyarta, mutanen wannan gefe su ja, na wancan su ja, kamar masu zarto, har ƙasar ta saki. Daga nan a kwance sarƙa a ɗaura ƙaramin abu, kamar guntun icce ko tsohon bokitin ƙarfe, a ja shi zuwa bakin fita, a kwashe abin da ya turo, a mai da shi baya da ɗaya igiyar, a sake. In hanya ta buɗe sai a sa taya wadda ta fi bututun ƙanƙanta sosai. Kada a fara da babban abu don gaggawa. In ya cije a tsakiya an ƙara wa kwalbati toshiya. Shanun huɗa suna iya taimakawa wajen ja, amma a hankali. In da tarakta ce, a ja sannu ƙwarai, kowa ya kauce daga layin igiya, domin in ta tsinke ta kan yi bulala, kuma ja da ƙarfi ya kan raba mahaɗin bututai.

In akwai rijiya ko tafki kusa, a ƙarasa da injin ban ruwa. A jiƙa ƙasar da ta taurare tun daren jiya, a soma fesawa daga bakin fita ana shiga ciki, don laka ta riƙa samun hanyar fitowa, daga baya a wanke daga bakin shiga. Injin ya zauna a waje cikin sarari. Hayaƙinsa guba ne a wuri rufaffe.

In bututun babba ne, babban mutum ya iya shiga, amma da sharaɗi huɗu: wurin a bushe, ana ganin haske baki da baki iska na ratsawa, babu tsaga ko alamar ruftawa, kuma da igiya a ƙugunsa, wani na riƙe da ita a waje yana yi masa magana. In akwai hadari ko da daga nesa ne, a fito, gama ruwan da aka yi a wani gari ya kan iso rafi rana na haskawa. Abu guda kuma da ya wajaba a ja kunne a kansa: kada a tura yaro ciki don an ga jikinsa ƙarami ne zai shige. Kwalbatin da babba ba ya iya shiga, na igiya ne da gora.

Ƙasar da aka fitar kada a tara ta a gaɓar rafi ta wajen bakin shiga, ruwan farko zai mai da ita inda ta fito. A kai ta nesa, wajen gangare. Baƙar laka taki ce, a tsince leda da kwalba a kai ta gona. Rairayi mai kyau magina suna so. Amma kada a cike ramin hanya da laka ko rairayi, wannan aikin marmara ne da tsakuwa, a zuba kaɗan kaɗan ana yayyafa ruwa ana daɓewa.

IN RUWA YA RIGA YA TARU

Nan ne a ke asarar rai. Ruwan da ya cika akwati mai mita 1 tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan 1 ne, tafkin da ya taru bayan hanya kuwa ɗaruruwan irinsa ne, duk suna danna toshiyar. Ran da ta saki, ruwan ya kan zuƙe duk abin da ke kusa da bakin shiga ya cusa shi ciki, ya kuma fito ta bakin fita kamar harbi. Ƙarfin mutum ko iya iyonsa ba su da amfani a nan.

Saboda haka doka uku ce. Kada kowa ya shiga ruwa a bakin shiga, ko da iyakar gwiwa ne, balle nutso don laluben toshiya. Kada kowa ya tsaya gaban bakin fita yana zungura. A kori yara da dabbobi daga rafin ta wajen gangare kafin a taɓa kome, a kuma aika wa masu gonaki da masu wanki na ƙasa.

Abin da za a yi shi ne a tsaya bisa hanya, wuri mai ƙarfi, a riƙa jawo tarkace sama da ƙugiya mai doguwar gora, kaɗan kaɗan, daga na bisa zuwa na ƙasa, mai ƙugiyar da igiya a ƙugu. In da hali a fara rage ruwan da inji, a tsallakar da tiyo bisa hanya. Ko babu mai ma akwai dabara: a cika tiyo da ruwa, a toshe bakinsa biyu, a nutsa ɗaya cikin tafkin, a kai ɗayan gangare wurin da ya fi fuskar ruwan ƙasa, a buɗe. Zai yi ta zuba da kansa. In kuwa an ga hanyar ta fara tsagewa, ko ruwa mai laka na ɓuɓɓugowa ta gefen gangare, kowa ya sauka, a gitta itace a hana wucewa, a kai labari.

Matafiya kuma su sani, ruwa mai gudu wanda bai wuce inci 6 ba ya kan kayar da babban mutum, mai ƙafa 2 kuwa ya kan tafi da mota. Ga shi ba a ganin ko hanyar na nan ƙarƙashinsa. Rafin jigawa ba ya daɗewa, jiran sa'a biyu ya fi.

RIGAKAFI

In an gama yasa, a kafa turaku masu ƙarfi a gicciye cikin rafin, taku 5 ko 6 sama da bakin shiga, tsakanin kowane biyu kamar rabin faɗin bututun, don su tare kara da itace tun ba su iso ba. Amma a sani turakun nan sai ana share su bayan kowane ruwa mai ƙarfi, in ba haka ba su ma su zama madatsa. A gabansu a haƙa ɗan rami mai faɗi marar zurfi inda rairayi zai kwanta a riƙa kwashewa.

A bakin fita a jera manyan duwatsu, don ruwa ya faɗa bisansu ya rage ƙarfi. A dasa jema ko gamba a gefen hanya da gaɓar rafi da farkon damina, saiwarsu ta kan kama ƙasa. Masu gonakin bakin rafi su bar taku 3 ko 4 ba noma, su kuma yi kunya a gicciyen gangare, kada su bi shi da ita. Wannan ribarsu ce tun kafin ta kwalbati, domin rairayi da lakar da ke toshe bututu, ƙasar gonarsu ce da takinsu suka gudu.

A hana zuba shara a rafi, a hana ɗibar ƙasar gini a gindin bango, a hana tara kara a bakin kwari. Wanda ya toshe kwalbati da gangan don ya tara wa shinkafarsa ruwa, ko don kamun kifi ko bugun tubali, a kai maganarsa gaban mai gari tun da wuri, gama ya sayi amfanin kansa da hanyar jama'a. Ƙasar da ke bisa bututu kuma ita ce ke raba nauyin mota. In ta zaizaye har bayan bututu ya fara bayyana, a ƙara marmara ta kai kamar ƙafa 2 kafin babbar mota ta fasa shi.

Daga ƙarshe a sa mutum ɗaya mai gona kusa ya zama mai lura, ya leƙa bayan kowane ruwa, gari ya san da shi ya kuma yi masa alheri da kaka. Kara biyar da zai cire da hannu yau, su ne aikin mutum ashirin in an bar su wata guda.

ABIN DA YA FI ƘARFIN GAYYA

In bututu ya fashe, ko ya rabu, ko bango ya faɗi, ko kuwa ana yashe shi kowace shekara amma ruwa na hawa hanya, to, abin ya wuce shebur. Ko dai bututun ya yi ƙanƙanta, ko an dasa shi ba daidai ba. A rafi mai yawan rairayi wani lokaci abin da ya fi shi ne kwalbati mai kusurwa huɗu, ko kuwa a shimfiɗa kankare a ƙasan rafin ruwa ya bi ta bisa, a jira ya janye a wuce. Wannan shawarar injiniya ce.

A zamanin En'e akwai leburorin hanya da a kan raba wa mil mil suna gyara da share lambatu. An sauya tsarin En'e da ƙananan hukumomi a 1976, kuma tsarin mulki na 1999 ya sa gini da gyaran ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega kuwa ta Gwamnatin Tarayya ce, hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ita ke da alhakin gyaran irinta. Saboda haka kwalbatin kwalta ba a taɓa gininsa, sai a kai rahoto. Na hanyar ƙauye kuwa a rubuta wa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ta hannun kansila da uban ƙasa.

Nan malaman makaranta da akawuna za su yi wa garinsu amfani. Takardar da ta ce “hanyarmu ta lalace, a taimaka” ba ta cika motsa kowa ba. A rubuta sunan rafin da garuruwan da hanyar ta haɗa, da yawan bututai da faɗinsu da tsawonsu, da irin lalacewar, da ranar da ruwa ya hau hanya da tsayin da ya kai, da abin da gayya ta riga ta yi da kanta. A haɗa da hotunan waya, a ajiye kwafe, a sa kwanan wata. A aika tun da rani, lokacin da siminti ke iya bushewa kuma mota ke iya kai tsakuwa.

Manoman Lambara da na Boɗinga da Shagari, da duk wanda ke da rafi tsakaninsa da kasuwa, ya kamata a sa ranar gayyar kwalbati tun yanzu, kafin hadarin farko ya haɗu. Allah ya ba da damina mai albarka.